Bagaruwa ta ci gasar, amma ba magani ba ce: littafin aikinmu daga Damagaram

Litinin, 7 ga Afrilu 2025

Ni da ɗan yayata, mai karatun kimiyyar sinadarai a jami'ar nan tamu ta Damagaram, mun ɗauki aikin da za mu yi daga yanzu zuwa faɗuwar damina. Ni koyarwa nake a lise, wato sakandare, shi kuma yana neman abin da zai yi rubutun ƙarshen shekara a kai. Za mu tattara sinadaran da masana suka riga suka ciro daga itatuwan da ake sayarwa a kasuwa don masassara, mu gwada su cikin kwamfuta a jikin furotin guda na ƙwayar cutar cizon sauro, mu ga ko akwai wanda ya isa a kashe masa kuɗin gwajin gaske. A nan zan riƙa rubuta abin da aka yi, da abin da ya ƙi, da kuɗin da ya ci.

Furotin ɗin da muka zaɓa shi ne DHFR na Plasmodium falciparum, kuma ba da ka muka zaɓe shi ba. Kowace damina, daga wajen watan Yuli, ma'aikatan lafiya kan bi gida-gida suna ba yara ƴan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafin masassara wata-wata, tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ƙasashen Sahel shawarar bi tun 2012. Cikin ƙwayoyin akwai amodiyakin, akwai sulfadoksin da pirimetamin a haɗe. Pirimetamin kuwa wannan furotin yake toshewa. Da shi ƙwayar cutar ke sarrafa folat. In babu folat ba ta iya haɗa DNA, in babu DNA ba ta hayayyafa cikin jini. Maganin ya fito ne daga ɗakin binciken George Hitchings da Gertrude Elion a farkon shekarun 1950, su ne suka samu kyautar Nobel a 1988, kuma tun wancan lokaci ƙwayar cutar ke ta sauya siffar furotin ɗin don ta kuɓuce masa. Magani ne da ƴaƴanmu ke sha, an kuma san shi ciki da bai. In manhaja ta yi mana ƙarya a kansa, muna da hanyar kama ta.

Kayan aiki: tsohuwar kwamfutar hannu mai ƙwaƙwalwar aiki giga 8, wayata don intanet, da tebur a zaure.

Alhamis, 10 ga Afrilu

An sauke manhajoji, duk kyauta: AutoDock Vina don gwajin dacewa, wato sa ƙwayar sinadari cikin aljihun furotin a ba ta maki, Open Babel don sauya fayiloli, PyMOL don kallo. Vina ta fito ne daga cibiyar Scripps ta Amurka a 2010. Intanet na wata ɗaya, jika 5 na sefa.

Asabar, 12 ga Afrilu

Kasuwar Dole, layin masu maganin gargajiya. Akwai wani dattijo da mahaifiyarmu ke saye a wurinsa tun muna ƙanana. Bayan gaisuwa na ce, “Baba, in damina ta faɗi masassara ta taso, wanne mutane suka fi nema?”

Ya ce, “Sabara da marke. Sai bedi ga mai jure ɗaci. Wasu su haɗa da rai-ɗore.” Ya dubi yaron da ke rubutu, ya ce, “Mushe, wannan shi ne zai sha ko kai?”

Na ce masa babu mai sha, sunayen kawai muke so. Ɗan yayata ya nuna buhun bagaruwa ya tambaya. Baba ya girgiza kai: “Wannan ta gudawa ce da ciwon dasashi. Rabinta ma majema ke kwashewa.” Duk da haka yaron ya sa ta a jerin, don ya ga rubuce-rubucen da suka ce ruwanta na kashe ƙwayar cutar a kwanon gwaji. Mun sayi ƙulli-ƙulli na dala 100 kowanne, don kar mu ci lokacin dattijo a banza.

Da yamma muka shiga rumbunan bayanai. PubChem na ba da siffar kowane sinadari. ANPDB kuwa rumbu ne na sinadaran itatuwan Afirka kaɗai, wanda Fidele Ntie-Kang na jami'ar Buea ta Kamaru ke cikin jagororinsa. Daga sabara mun samu harman, tetirahidiroharman, giyeranon A da kersetin. Daga bedi gedunin, nimbolid da azadiraktin. Daga marke asid elajik da kastalajin. Daga rai-ɗore emodin. Bagaruwa kuwa asid galik da danginsa, tuli guda. Jerin ya tasam ma 140.

A kan rai-ɗore, ga mai karanta wannan: ƴaƴanta na da dafi, an tabbatar sun lalata hanta da ƙwaƙwalwar yara a Indiya. Kuma duk abin da ke cikin littafin nan bai ce kowa ya jiƙa wani abu ba. Yaro ya yi zafi, a kai shi likita a tsaga yatsa a gwada.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Tambayar farko da yaron ya yi: “Kawu, me zai hana mu ɗauko siffar daga AlphaFold? Kowa shi yake yi.” Gaskiya ne abin ya girgiza duniya. Manhajar DeepMind ce ta ba kowa mamaki a gasar hasashen siffar furotin ta 2020, zuwa 2022 rumbunta ya haura siffofi miliyan 200, a 2024 kuma Demis Hassabis da John Jumper suka raba Nobel na kimiyyar sinadarai da David Baker. Amma hasashe amfaninsa inda babu hoto. Namu furotin an riga an ɗauki hotonsa da hasken X tun 2003, aikin masana na Tailan, yana nan a rumbun PDB da lamba 1J3I, da magani zaune a aljihunsa. Wanda ke rumbun AlphaFold kuwa furotin ne tsirara, babu magani, babu abokin aikinsa.

Wannan abokin aiki, NADPH, shi ya ci mana yinin yau. Kafin a gwada baƙon sinadari, ƙa'ida ita ce a ciro maganin da ke cikin hoton, a ce wa manhaja ta mai da shi, a ga ko za ta ajiye shi inda yake tun asali. Maganin da ke cikin 1J3I sunansa WR99210. Darussan da ke yawo a intanet kusan duk sukan ce a share duk abin da ba furotin ba kafin a fara. Da aka bi wannan, Vina ta ɗauki WR99210 ta kwantar da shi a gurbin NADPH, ta kuma ba shi maki mai kyau. Dalili a fili yake: NADPH shi ne bango ɗaya na aljihun, in an cire shi rami ya zama biyu. Da aka bar shi a wurinsa, maganin ya koma mazauninsa, tazarar da ke tsakanin hasashe da hoton gaske ba ta kai angistirom 2 ba, iyakar da aka saba yarda da ita. Angistirom kashi ɗaya ne cikin miliyan 10 na milimita. A PyMOL muka ga kan maganin ya kama amino asid na 54, aspartat, kamar yadda yake a hoto.

Abin da na sa yaron ya rubuta da jan biro: makin bai canja sosai ba tsakanin wurin ƙarya da wurin gaskiya.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Bazara ta kankama, zafi ya haura digiri 40. Vina na jan dukkan ƙarfin kwamfuta, fankarta ta yi ta kuka, sai ta kashe kanta a tsakiyar aiki. Ƙananan sinadarai minti ɗaya ko biyu suke ci, amma manyan na bagaruwa da marke, masu gaɓoɓi da yawa da ke juyawa, kowanne sai ya daɗe, kuma a kansu take mutuwa. Ga ɗauke wuta da rana, batirin kuma ba ya riƙe awa guda.

Abin da aka yi: an kai ta wurin mai gyara a Sabon Gari ya buɗe ya hure ƙura ya sake man sanyaya, jika 3. Faifan fanka na ɗorawa a ƙasa, jika 4. Yaron ya gyara umarnin yadda kowane sinadari in ya gama za a ajiye sakamakonsa nan take, in ta mutu a ci gaba daga inda aka tsaya. Aiki kuma ya koma tsakanin isha'i da asuba.

Asabar, 26 ga Afrilu

Tana tafiya. Babu labari.

Asabar, 3 ga Mayu

Jerin farko ya fito. A Vina, gwargwadon yadda lamba ta yi ƙasa da sifili, gwargwadon ƙarfin kamun da take hasashe. Pirimetamin, maganin gaske, ya samu wajen −7.5. Sama da shi akwai sinadaran itace fiye da 40. A can ƙoli taninonin bagaruwa da na marke ne, wato sinadaran nan masu ɗaure baki, wasu sun wuce −10, sai gedunin a wajen −9.

Yaron ya kasa zama. “Kawu, bagaruwa ta fi pirimetamin!” Har ya fara tsara taken rubutunsa. Ban ga laifinsa ba, don maƙaloli irin wannan sun cika mujallu: a ɗauki ganye, a yi gwajin dacewa, a ce an gano abin da ya fi maganin asibiti. Na ce ya ba ni mako guda kafin ya gaya wa malaminsa.

Asabar, 10 ga Mayu

Makon nan mun ɗauki sinadarai 20 na sama muka gwada su a kan DHFR na ɗan'adam, sannan a kan wani furotin na narkar da abinci da babu abin da ya haɗa shi da masassara. Su ɗin dai ne a sama, kusan a jere ɗaya. Duk aljihun da aka nuna wa kastalajin, ta ci gasa.

Abu biyu ne suka haɗu a nan, kuma ya kamata a raba su.

Na farko halin manhajar ne. Vina tara maki take yi daga kowane atam na sinadari da ya kusanci atam na furotin, saboda haka mai jiki ya fi samu. Pirimetamin atam 17 gare shi in an cire haidirojin. Gedunin 35. Kastalajin 67. In aka raba maki da yawan atam, lissafin ya kife: pirimetamin ya tashi wajen 0.44 a kan kowane atam, gedunin ya sauko 0.26, taninonin suka koma ƙasan jeri. Harman na sabara, mai atam 14, shi ne ya hauro kusa da pirimetamin.

Na biyu kuwa gaskiya ce ta sinadarin kansa, kuma babu garin da ya fi Damagaram saninta. Me ya sa majema ke kwashe rabin bagaruwar Baba? Fata furotin ce. Tanin na bagaruwa na kama zaren furotin ɗin fata ko ta ina, ya ɗaure shi, ya hana shi ruɓa. Jima ke nan. Shi ne kuma ke ɗaure baki in an tauna, ya tsai da jinin dasashi, ya rage gudawa. Bai zaɓi furotin ba. Abin da ke kama kowa kuwa ba ya zama maganin da za a sa cikin jini, don ana neman wanda zai bar furotin ɗin mai shan magani ya kama na ƙwayar cuta kaɗai. Pirimetamin na da daraja ne saboda ya fi kama DHFR na ƙwayar cutar nesa ba kusa ba a kan namu. Wanda ke toshe namu da ƙarfi shi ne metotireksat, maganin ciwon daji, kuma kowa ya san wahalarsa.

Masu neman magani a manyan ɗakunan bincike sun daɗe da shan wannan. A 2010 Jonathan Baell da Georgina Holloway na Ostireliya suka fitar da jerin siffofin sinadarai da ke fitowa da nasara a kusan kowane gwaji ba tare da sun zama magani ba, suka kira su PAINS. Kersetin ɗinmu na sabara yana cikin waɗanda tacewar ke kamawa. Sai kuma batun shiga jini daga hanji. Ƙa'idar Christopher Lipinski ta 1997 ta ce ƙwayar sinadarin maganin da ake haɗiya yawanci nauyinta a ma'aunin sinadarai ba ya wuce 500, ba ta wuce gurbi 5 na ba da haidirojin da 10 na karɓa. Kastalajin nauyinta 934. Azadiraktin 720. Shafin SwissADME ya jera mana wannan duka kyauta cikin ƴan mintoci.

Yaron ya yi shiru, can ya ce, “To ai Baba ya faɗa tun a kasuwa.” Ya faɗa.

Alhamis, 15 ga Mayu

Gyaran takardun ɗalibai. Ba a taɓa kwamfuta ba. An sake sayen intanet, jika 5.

Asabar, 24 ga Mayu

Gwajin da na fi ɗokin gani, kuma shi ya fi ba ni haushi.

Ƙwayar cutar na kuɓuce wa pirimetamin ne ta sauya amino asid, wato tubalan ginin furotin, a wurare sanannu na furotin ɗin: na 108 da farko, serin ya koma asparajin, sai na 51 da na 59, daga ƙarshe na 164. Mai sauyi uku na farko ya bazu a Afirka ta Yamma. Mai huɗu ya fi yawa a kudu maso gabashin Asiya. Asparajin ya fi serin girma, sai ya tokare zoben pirimetamin mai ɗauke da kilorin, maganin ya kasa zama daidai. WR99210 kuwa wutsiyarsa na lanƙwasa, yana kauce wa tokarin, kuma a kan wannan dabara masanan Tailan tare da ƙungiyar MMV ta Janeba mai neman magungunan masassara suka ƙera P218, wanda har an gwada shi a jikin mutane. Hoton mai sauyi huɗu yana PDB da lamba 1J3K. Mun ɗauke shi yadda yake, mun kuma mai da na 164 asalinsa a PyMOL don mu samu irin namu mai uku.

A ɗakin gwaji an auna cewa kamun pirimetamin a kan mai sauyi huɗu ya yi rauni ninki ɗaruruwa. Tambayar: Vina za ta ga wannan? Ba ta gani ba. Bambancin makin da ta ba shi tsakanin furotin na asali da masu sauyi bai kai rabin maki ba.

Na zauna da alli na yi wa yaron lissafin. Makin Vina da kilokalori ake ƙirga shi, kuma a zafin ɗaki, kilokalori 1.36 a kan kowane mol daidai yake da ninki 10 na ƙarfin kamu. Ninki ɗaruruwa ke nan ya kamata ya ba da tazarar sama da maki 3. Su kansu masu Vina sun bayyana cewa kuskurenta na yau da kullum ya kusa kilokalori 3, wato tana iya kauce wa gaskiya da ninki 100 ta kowane ɓangare. Ba ɓoyewa suka yi ba, masu amfani ne ba sa karantawa. Tana ɗaukar furotin a matsayin abu sandararre alhali yana motsi. Ba ta lissafa cajin lantarki kai tsaye, alhali kamun pirimetamin da aspartat na 54 na caji ne. Ruwan da ke cikin aljihu kuma an share shi.

To in mutum ya rubuta cewa sinadarinsa ya samu −8.1 maganin asibiti ya samu −7.6, don haka nasa ya fi, bai faɗi komai ba. Na ga irin wannan jimla a rubuce-rubucen digiri da yawa, har da na manyan jami'o'i.

Asabar, 31 ga Mayu

In ba ta iya auna ƙarfi, ko tana iya tsince masu aiki daga cikin taro? Daga rumbun ChEMBL muka sauko da sinadarai 40 da aka tabbatar a ɗakin gwaji suna toshe wannan furotin. Muka cakuɗa su da ƴan rakiya, wato sinadarai masu nauyi da maiƙo irin nasu amma siffa daban, bisa tsarin DUD-E na jami'ar Kalifoniya ta San Faransisko. An rage yawan ƴan rakiyar don kwamfutar ta iya. Duk da haka dare bayan dare ta kwana tana yi.

A kashi 10 cikin 100 na saman jerin, an samu wajen sulusin sanannun. Ya fi ƙuri'a, bai kai abin alfahari ba. Da muka ƙara sharaɗin cewa dole sinadari ya kama aspartat na 54, tacewar ta gyaru ƙwarai. Sai muka ɗora wannan sharaɗi a kan sinadaran itatuwanmu, bayan an fid da taninoni da masu kama kowa. Kusan babu wanda ya rage. Harman na shiga aljihun, amma kowane zagaye da irin kwanciyar da yake yi, alamar bai samu wurin kamawa ba.

Ra'ayina: in sabara ko bedi na yi wa ƙwayar cutar wani abu, ba ta wannan ƙofa ba ne. Wannan ma sakamako ne, kuma shi yaron zai rubuta, ko da yake ya ce taken ba zai yi daɗin karantawa ba.

Laraba, 11 ga Yuni

Barka da Sallah. Naman layya ya hana aiki.

Cikin hutun yaron ya turo mini labarin Boltz-2, wadda masana na MIT da kamfanin Recursion suka saki a farkon watan nan, kyauta ga kowa. Irin AlphaFold 3 ce, wadda ta fito a Mayun 2024, tana hasashen furotin da magani a haɗe, sai dai ita ta ƙara da hasashen ƙarfin kamu. Tana bukatar katin zane mai ƙarfi, wato na'urar lissafi ta musamman a cikin kwamfuta, da ba mu da shi. Ana iya aron irinsa ta intanet na ƴan awoyi, mun gwada cikin dare, layinmu ya yi ta yankewa kafin a gama sauke nauyin manhajar. Za a sake gwadawa a ɗakin kwamfuta na jami'a.

Ina son ganin abin da za ta ce, amma jarrabawa ɗaya za ta zauna da Vina: pirimetamin a kan na asali da masu sauyi, sai sanannu cikin ƴan rakiya. Akwai ma wani tarko. Waɗannan manhajoji daga PDB da ChEMBL suka koyi aiki, DHFR da magungunansa kuwa suna ciki tun da daɗewa. In ta ci jarrabawar, mai yiwuwa hadda ce. Masana na Okisfod sun nuna a 2023, da gwajin da suka kira PoseBusters, cewa da yawa daga sababbin manhajojin dacewa masu koyo da kansu kan fitar da zaman da ba zai yiwu ba, atam cikin atam, kuma sukan yi rauni a kan furotin da ba su taɓa gani ba.

Wanda ya yi aiki a wayata ba wahala shi ne MAIP, shafin cibiyar EBI ta Ingila. Shi ba ya tambayar furotin; an horar da shi ne da sakamakon gwajin miliyoyin sinadarai a kan ƙwayar cutar kanta. Sanannun magunguna sun samu maki mai yawa, na itatuwanmu kaɗan. Sai dai akasarin abin da ya koya daga sinadaran kamfanoni ne, ba na itace ba, don haka ban ɗauki ƙarancin makin a matsayin hukunci ba. Ƙungiyar Ersilia ma na tara irin waɗannan manhajoji kyauta don masu bincike na ƙasashe irin namu. Yaron zai duba.

Asabar, 21 ga Yuni

An yi ruwan farko mai ƙarfi, garin ya yi sanyi, kwamfuta ta huta da kuka.

Yau mun bar allo mun taɓa abu da hannu, a ɗakin gwaji na lise. An tafasa garin kowane itace, an tace. Ɗigon ferik kilorid: bagaruwa ta koma baƙi-shuɗi nan take, irin baƙin da dukawa ke samu in sun haɗa ta da ƙarfe, marke haka, sabara ta yi duhu sosai, bedi kaɗan. Da aka zuba ruwan jelatin mai gishiri, bagaruwa da marke suka yi gudaji fari. Jelatin ma daga fata da ƙashi ake yin sa. Wani abin da ya burge ni: a littafin ƙa'idojin magunguna na Turai, da garin fata ake auna yawan tanin a ganye. A zuba shi, ya kwashe tanin, a auna abin da ya ragu.

Amfanin wannan ga mataki na gaba: duk ruwan itacen da za a kai gwaji, a raba shi biyu, ɗaya yadda yake, ɗaya an cire masa tanin. In ƙarfin ya tafi tare da tanin, an san inda aka tsaya. A ɗakunan bincike da garin PVPP ko foliyamid ake cirewa. Jelatin na kanti jika 2, takardar tacewa jika 3.

Asabar, 5 ga Yuli

Na yi doguwar waya da wata ƴar ƙanen mahaifinmu da ke aiki a ɗakin gwaji a Yamai. Ta saurari labarin duka, ta yi dariya, ta ce, “Yaya, kun yi wata uku kun gano abin da ƙwayar cutar za ta gaya muku cikin awa 72.” Haka ne, amma mu ba mu da ƙwayar cutar a kwalba. Renonta na son jinin mutum sabo, ruwan RPMI 1640, akwatin ɗumi mai tsayawa a digiri 37 dare da rana, da iska mai ƙarancin oksijin. William Trager da James Jensen ne suka fara yin sa a 1976, kuma da kyandir cikin tulun gilashi suka riƙa rage iskar, dabarar da har yau ake yi inda babu hali. Wutar da ba ta yankewa ita ce abin da ba mu da shi.

Ta tuna mini cewa yawancin sababbin magungunan masassara da ke kan hanya ta nan suka fito, ba ta furotin guda ba: a zuba dubban sinadarai a kan ƙwayar cutar, a ga wanda ya kashe ta, daga baya a nemi inda ya kama. Haka aka samu ganaplasid da sipargamin na kamfanin Novartis. Haka aka samu MMV048 a cibiyar H3D ta jami'ar Kef Tawun, wadda Kelly Chibale ɗan Zambiya ya kafa a 2010, maganin masassara na farko da aka jagoranci gano shi a Afirka har ya kai gwajin mutane. A 2010 ɗin masana'antar magunguna ta GSK ta tace sinadarai kusan miliyan 2, ta saki sunayen fiye da 13,500 masu aiki ga kowa, daga cikin irinsu ne MMV ta haɗa akwatin sinadarai 400 da ta riƙa aika wa masu bincike kyauta.

Abin da muka tsayar. Bagaruwa da marke sun fita. Rai-ɗore ta fita saboda dafi. Saura sabara da bedi, don harman, giyeranon A da gedunin duk an ruwaito suna taɓa ƙwayar cutar a kwanon gwaji, kuma ba tanin ba ne. Za ta tambayi shugabanta ko za a karɓi samfuri 4, kowane itace da tanin da babu tanin, a kan iri biyu na ƙwayar cutar, 3D7 mai jin kilorokin da Dd2 mai bijire masa. Sharuɗɗanta: masanin tsirrai ya tabbatar da itacen a ajiye reshe matse a takarda da rana da wurin da aka yanka, a shanya a inuwa, a jiƙa da etanol, a busar, a auna nauyi. In har za a fitar da wani abu waje da ƙasa wata rana, sai da takardun izini bisa yarjejeniyar Nagoya ta 2010, kuma sunan masu ilimin gargajiyar ya shiga ciki.

Kafin amsarta ta zo, akwai gwajin da ba ya son ƙwayar cuta mai rai: hana hemin, wani sinadarin jini mai yi wa ƙwayar cutar dafi, dunƙulewa ya zama hemozoyin marar dafi, hanyar da kilorokin ke bi ya kashe ta. Yana son hemin, asetat da na'urar auna launi, kuma yaron ya ce akwai na'urar a sashensu.

Kuɗin da aka kashe zuwa yau, har da intanet na Yuni, jika 30 ba kaɗan. Na gaba: etanol lita 2, kwalabe masu duhu, ƙaramin sikeli na aro, kuɗin aika saƙo a mota zuwa Yamai, na ƙiyasta jika 35, ban da hemin, wanda sai an yi oda. Malamin tsirrai na jami'a ya yarda zai bi mu ranar Asabar mai zuwa hanyar Miriya yankan sabara, in ba a kwana ana ruwa ba.